Shan Hantsin Iya Dije

Duk cikinku nan da kuka san ta, yaro da babba, wa ya taɓa ganin Iya Dije riƙe da buta ta nufi bayan gida? Kar kowa ya wahalar da kansa da tunani, babu. Ni da na tashi a ɗakinta, muna kwana gado ɗaya, sai da na yi aure har na haihu ban taɓa gani ba. Muna yara mun gama yarda a tsakaninmu cewa Allah bai halicci kakarmu da wannan lalurar ba.

Ga wanda bai san gidanmu ba, tsohon gidan ƙasa ne a cikin Birnin Zariya. Ɗakin Iya yana nan da ka fito daga zaure, bayan gida kuwa yana can ƙarshen gida, bayan tsohon ɗakin ajiya. Duk mai zuwa can sai ya ratsa tsakar gida gaba ɗaya, ya wuce rijiya, ya wuce murhu. A bakin murhun nan kuwa kullum akwai Umma, mahaifiyata, matar ɗan farin Iya. To, nan gizo ke saƙa. Iya ta ɗauki buta ta gifta ta gaban surukarta, surukar ta san inda za ta? Ai gara a ce mata gobe tashin kiyama.

Kunyar Iya ba irin wadda kuka sani ba ce. Ba ta faɗin sunan Baba, sai dai ta ce "wancan". Ba ta cin abinci in Umma na kusa, ko goro ne a bakinta sai ta daina taunawa har Umma ta wuce. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, maganarsu ba ta wuce ina kwana da sannu da aiki, kowacce kanta a ƙasa. Na taɓa tambayarta ina ƙarama, da gaske nake tambayar kuwa.

"Iya, wai ke ba kya yin fitsari?"

"La ilaha illallahu! Tashi min daga kan gado, ja'ira! A makarantar bokon ake koya muku wannan?"

"To ai ban taɓa ganin kin je ba."

"Ba kuwa za ki gani ba. Ni Dije, ba da ni ba!"

Wannan "ba da ni ba" ita ce amsarta ga rabin abubuwan duniya. Sai da na girma na gane dabararta. Tun kafin kowa ya motsa take gama duk abin da za ta yi, ta ɗaura alwala, ta koma ɗaka. Da alwalar nan take lallaɓawa har yamma. Ruwa kuwa sai dai ta jiƙa leɓe. Ɗakin nata ga duhu, 'yar tagar da ke sama ta cusa mata tsumma wai iska na shigo mata da sanyi. Tana ciki da carbinta da rediyonta, daga nan take mulkin gidan gaba ɗaya, ba ta fitowa sai in mutuwa aka yi.

Haka aka tafi lafiya lau har ciwon suga ya same ta. Kun san halin ciwon nan, ga ƙishirwa ga yawan zagayawa. Wato Allah Ya duba duk cututtukan duniya Ya zaɓo mata wanda ya fi ƙarfin dabararta. Aka ce ta bar sa suga a koko, ta ce ta bari. Muka leƙa muka tarar zuma take tsiyayawa.

"Iya, ai duk ɗaya ne."

"Ɗaya ne a gidan wa? Suga aka ce. Kin ji an ce min ciwon zuma?"

Wannan mai sauƙi ne, mun raba ta da kwalbar zumar. Babbar matsalar ita ce yadda ta yi da yawan fitsarin. Iya ta zauna ta yi lissafinta, ta ga abin da ba ka sha ba, ba zai nemi fita ba. Sai ta ƙara rage ruwan da dama can ba sha take yi ba, ta ƙara matsewa. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya fara kai mata ziyara, ya tafi ya dawo. Ka gan ta zaune ta dafe ƙugu tana cije baki.

"Iya, ina ke miki ciwo?"

"Can."

"Can ina?"

"Can dai. Ke likita ce?"

Ta sa aka kawo mata sassaƙe wai sanyi ne ya kama ta, shi ma jiƙon a murfin kwano take sha don kar ruwan ya yi yawa. Mu kuma, Allah Ya yafe mana, dariya muke yi. Ba mu san abin ya kai inda ya kai ba.

Ran nan da hantsi na zo gida daga Ƙofar Gayan, inda nake aure. Baba na tsugune a bakin ƙofarta yana gaishe ta ta bayan asabari, yadda ya saba. Sai muka ji muryar Iya daga ciki, tar da ita.

"Shehu! Shehu, zo ka rufe ni, sanyi nake ji."

Ludayin da ke hannun Umma ya faɗi cikin toka. Baba ya juyo ya dube mu, gemunsa fari fat, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ya fita da gudu babu takalmi ya taro keke napep. Da muka shiga muka tarar jikinta kamar garwashi, tana karkarwa, ba ta san inda take ba. Ranar dariya ta ƙare mana.

A asibiti aka ba ta gado, aka sa mata ruwa. Abin da zai ba ku mamaki, hankalinta na fara dawowa kunyarta ta riga shi isowa. Likitan wani saurayi ne mai haƙuri, ya miƙo min 'yar kwalba ya ce a samo fitsarinta za a auna. Iya ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Ɗan nan, kana da uwa?"

"Ina da ita, Iya."

"Ka taɓa aika mata da irin wannan kwalbar?"

"Na taɓa, Iya. Ita ma sugan gare ta."

"Allah Ya ba ta haƙurin haihuwarka."

Da ƙyar da lallashi, bayan an kori kowa an ja labule, aka samu. Ta ƙulle kwalbar a leda, ta sa ledar a wata ledar, ta naɗe da ɗankwali ta yi masa ƙulli kamar za a kai tukuici. Ta jawo kunnena.

"In kin kai, ki ce naki ne."

"Haba Iya, in na ce nawa ne ai ni za a yi wa allurar."

"To mene ne? Ke yarinya ce, za ki jure."

Da sakamako ya fito likitan ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya ce ni ma in saurara. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara, suka daɗe a ciki har suka fara haurawa ƙoda. Mai ciwon suga dama ya fi saurin kamuwa, don in sugan ya yi yawa har cikin fitsari yake fita, ƙwayoyin su samu abinci. In kuma mutum ba ya shan ruwa, yana riƙe fitsari, to ya ba su masauki. Sannan ya ce sun auna jininta sun ga wani sinadari da ake kira bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai. Jiki yana samunsa ne in hasken rana ya taɓa fata, kuma ana ganin ƙarancinsa na rage wa jiki ƙarfin kare kansa.

"Iya, a garin nan da ranarsa ke narka kwalta, yaushe rabon da ki zauna a cikinta?"

"Muna gaisawa ta taga."

Ban ce masa tagar a toshe take ba, don ta kafe ni da ido. Ya yi murmushi, amma maganar da ya biyo da ita babu wasa a ciki. Ya ce wannan karon an ci sa'a. In ta koma ta ci gaba da matsewa, ciwon zai dawo, ƙodar za ta gaji, shi kuma ba shi da wata da zai ba ta. Ta shanye maganin da ya rubuta har ƙarshe, ta kula da sugan, ta sha ruwa, ta zagaya duk lokacin da ta ji buƙata, ta riƙa shan ƙwayar bitamin, kuma kullum ta fito ta sha hantsi.

"Wato a shanya ni kamar kuɓewa."

"Kaɗan dai, Iya. Ba sai kin bushe ba."

Muka dawo gida. Magani dai tana sha, ba laifi. Maganar hantsi kuwa, washegari ta miƙo min zanenta ta ce in shanya a igiya. Da ya yi zafi ta sa na kwaso, ta lulluɓa da shi a cikin ɗaka.

"To, ga ranar nan na sha. Ki gaya wa yaron."

Na ce ba haka ake yi ba, sai ranar ta taɓa fata. Kashegari ta ɗage asabari ta miƙo ƙafa ɗaya waje, ita tana ciki. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ga ƙafa ita kaɗai a bakin ƙofa tana shan hantsi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ruwa kuwa har yanzu sai kurɓa, zagayawa kuma tana nan a kan tsohon tsarinta. Na kawo mata fo na ajiye bayan gado.

"A ɗakin da nake salla? Fitar min da shi, ba da ni ba!"

Baba ya ce zai gina mata banɗaki a jikin ɗakinta. Ta aiko masa da amsa ta bakina, wai so yake magina su fita su gaya wa duk unguwa abin da ake gina mata? Shi ma fa ɗanta ne, kunyar a jini take. Na ji shi ran nan a bakin asabari yana ƙoƙarin yi mata nasiha.

"Iya, wai likita ya ce a riƙa... wato... abin nan da ya ce."

"Na ji."

"To a riƙa yi."

"Na ce na ji. Tashi ka tafi kasuwa."

Ya tashi ya tafi kasuwa, ya ɗauka ya yi namijin ƙoƙari. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, don na fara ganin ta sake dafe ƙugu. Na yi kuka a gabanta, na yi fushi, na ce za ta kashe kanta a kan abin da kowane ɗan Adam ke yi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Rabi, na tsufa ba wanda ya ga tsiraicin al'amarina. Yanzu da ya rage min kaɗan kike so in zubar?"

Umma ba ta sa baki ba ko sau ɗaya, don ba hurumin suruka ba ne. Sai wata safiya na tarar da ita can bayan ɗakin ajiya tana shara. Wurin wani lungu ne da ke kallon gabas, kuma ƙofar bayan gida tana nan a gefensa. Ta kafa zana ta kare lungun daga tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta kai ƙaramar randa da moɗa, ta ajiye sabuwar buta a gindin katanga. Sannan ta dawo bakin murhu, ta ɗaga murya, matar da ko tsawa ba ta iya yi wa yaro ba.

"Rabi! Ashe likitan nan cewa ya yi hantsin da ke sauka bayan ɗakin ajiya ya fi na ko'ina magani? Wai shi ne na fari, bai gauraya da hayaƙi ba. Na gyara wurin. Duk wanda na gani ya doshi can in Iya na shan magani, ni da shi ne!"

Na buɗe baki zan ce yaushe likita ya san ɗakin ajiyarmu, ta harare ni, na rufe. Daga ɗakin Iya sai muka ji an rage muryar rediyo.

Washegari da hantsi asabari ya ɗaga. Sai ga Iya Dije a tsakar gida, da mayafi, ta ɗaga ƙwayar bitamin sama tsakanin yatsu biyu yadda kowa zai gani.

"Zan je shan magani."

Ba da kowa take ba, da iska take. Umma ta tura kanta cikin tukunya kamar ta yar da allura a ciki. Ni na kama tsintar shinkafar da na riga na tsince. Iya ta ratsa mu a hankali, ta wuce rijiya, ta shige bayan zana. Da ta dawo goshinta na ƙyalli, Umma ta faki ido ta je ta duba. Ruwan randa ya ragu, buta kuma babu komai a ciki. Ta cika su ta dawo, na ga tana share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Tun daga ranar, jama'a, ba a taɓa yin mai son hantsi irin Iya ba. Ta sha da safe, ta sha da azahar, ta sha da la'asar. Ran nan ana tsuga ruwan sama sai ga ta da faifai a ka.

"Iya, ai yau babu rana."

"Tana nan bayan gajimare. Yaron ya ce sai na gan ta da idona?"

Wata rana kuma bayan magariba na ce, "Iya, hantsi yanzu?" Ta ce ragowar na safe ne da ya maƙale a jikin katanga, ba ta son a yi asararsa. Ƙanwar Baba da ke aure a Tukur-Tukur ta kusa ɓata mana shiri. Ta zo ta ga wurin ta ce, "A'a, duk faɗin gidan nan a rasa inda za a shimfiɗa wa Iya sai bakin..." Umma ta taka mata ƙafa da ƙarfin da sai da ta yi salati. Har ta koma gida tana ɗingishi ba ta san laifinta ba.

Zazzaɓin nan ya yi ƙaura. Ya ɗan leƙo bayan wani lokaci, aka yi maganinsa da wuri ya wuce. Da muka koma awo likitan ya ce bitamin ɗin ya hau, ƙoda kuma ta huta. Ya ce, "Iya, kin ga amfanin bin magana." Ta ce amfanin me, ya mayar da ita baƙa ƙirin, 'yan uwanta ma ba za su gane ta ba. Amma daga nan duk baƙuwar da ta zo da ƙorafi, ciwon gwiwa ne, ciwon kai ne, ko miji ne ya canza hali, maganin Iya ɗaya ne, a je a sha hantsi. In an tambaye ta a ina, sai ta ce a samu mai kallon gabas.

Shekaru masu daɗi muka samu da ita a haka, har ta ga 'ya'yana sun shiga makaranta. Sannan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, abin da ta yi ta gudu tsawon ranta ya zo ya same ta har gado. Ba ta iya tashi, ba ta iya juyawa, komai sai an yi mata. Ni ina zuwa kullum, amma ina da gida da yara. Wadda ke nan safe da yamma Umma ce. Ita ke ɗaga ta, ita ke wanke ta, ita ke canza shimfiɗa. Yadda take yi kuwa, sai ta kau da fuskarta ta kalli bango, hannuwanta na aiki, bakinta na ba bangon labarin tsadar tumatir. Iya kuma ta rufe ido ta yi kamar barci take. Na kan tsaya a bakin ƙofa in ji zuciyata na ciwo saboda su duka biyun.

Wata safiya, an gama gyara ta ke nan Umma za ta ɗauki kwano ta fita, Iya ta kama mata wuyan hannu da hannunta mai lafiya. Maganarta ta yi nauyi lokacin, amma mun ji ta sarai.

"Kika ce likita ne ya ce hantsin bayan ɗakin ajiya ya fi magani."

"Haka ya ce, Iya." Fuskar Umma na bango.

"Kin yi wa yaron mutane ƙarya. Ina wurin, ke ba kya nan."

Umma ta ƙara kafe bango da ido. Iya ta ci gaba.

"Randar nan kuma ba aljanu ke cika ta ba. Juyo, wuyanki zai ƙage. Juyo ki dube ni."

Umma ta juyo a hankali. Matan nan biyu da suka tsufa a gida ɗaya suka dubi juna ido cikin ido. Iya ta daɗe tana kallonta, sannan gefen bakinta mai motsi ya ɗaga.

"Ikon Allah. Ashe haka kike da kyau? Shi ya sa wancan ya nace."

Muka fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ni da Umma. Iya ta ce mu yi mata shiru, ba a mutu ba tukuna. Ta ce da Umma, "Ba ni ruwa, 'yata." Umma ta tallafo kanta, ta kafa mata moɗa a baki, ta sha har ta ƙoshi tana kallonta. Ba ta ƙara rufe ido ba in ana gyara ta, har ranar da Allah Ya karɓi abinSa.

Allah Ya jiƙan Iya Dije, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya suturta ta a ranar da babu sutura sai taSa. Umma kuma, Allah Ya ba ta mai yi mata yadda ta yi. Amin.